Cutar Kumfa a Cikin Famfo da Aikin Ja-gaba



Muna godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ba mu wannan fili. Abin da za mu yi magana a kansa yau shi ne wata cuta da ke kama famfo, da kuma wani ɗan ƙarfe da injiniyoyi suka ƙago domin maganinta. In mun ce famfo, muna nufin injin da ke zuƙo ruwa ya tura shi gaba, ba kan famfon da a ke murɗawa a tsakar gida ba. Ita cutar Turawa suna ce mata kabiteshan, mu kuwa za mu kira ta cutar kumfa. Ɗan ƙarfen kuma indiyusa su ke ce masa, amma mu za mu ce ja-gaba, don shi ke shiga gaba ya share wa farfela hanya. Kada wanda ba ya karatun injiniya ya ce wannan zance bai shafe shi ba, domin cutar da ke cinye farfelar injin ban ruwa a fadama ita ce dai ta kayar da wata babbar roka ta ƙasar Japan a cikin teku a shekarar 1999.

Tafasa ba tare da wuta ba

Tun muna firamare aka koya mana cewa ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin zafi. Maganar gaskiya ce, amma a bakin teku. Iskar da ta lulluɓe duniya tana da nauyi, tana kuma danne duk abin da ke ƙarƙashinta, har da ruwan da ke cikin tukunya. Wannan danniya ita mu ke kira matsi. Ruwa ba ya tafasa sai ƙarfin tururin da ke son fita daga cikinsa ya kai matsin da ke danne shi. Saboda haka hanyar tafasa ruwa biyu ce: ko a ƙara masa zafi, ko a rage matsin da ke kansa. A Jos, wadda ke bisa tudu mai tsawon kimanin mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, don iskar da ke kansa ta ragu. Da za a ci gaba da rage matsin, to, ruwan randa ma mai sanyi tafasa zai yi, alhali kuwa ko kusa da murhu bai je ba.

Masu aikin famfo sun saba auna matsi da tsawon ruwa, watau su ce matsi kaza zai iya riƙe ruwa mai tsawon mita kaza a cikin bututun da aka tsayar. Matsin iska a bakin teku yana riƙe ruwa mita 10 da 'yan kai. Ruwa mai zafin digiri 20 yana tafasa in matsin da ke kansa ya faɗi zuwa kimanin kwata na mita. In zafinsa ya kai digiri 40, sai ya tafasa tun matsin yana kashi uku cikin huɗu na mita. Ashe ruwan da ya sha rana ya fi saurin kamuwa.

Wani abu kuma da ya kamata mu gane shi ne, famfo ba jan ruwa ya ke yi da kansa ba. Rage matsi ya ke yi a bakinsa, sai iskar da ke danne kogi ko rijiya ta turo ruwan cikin tiyo. Shi ya sa babu famfon da zai zuƙo ruwa daga zurfin da ya wuce mita goma komai ƙarfinsa, a aikace ma da wuya ya wuce bakwai ko takwas. Galileyo na ƙasar Italiya ya rubuta labarin wannan iyaka a shekarar 1638, almajirinsa Torricelli kuma ya bayyana dalilinta 'yan shekaru bayan haka.

Yadda kumfa ke cin ƙarfe

Yawancin famfunan da mu ke gani suna da farfela a ciki, mai fuka-fukai, wadda ke juyawa da sauri. Ruwa yana shiga ta tsakiyarta, fuka-fukan su majaujawa shi zuwa gefe, ya fita da ƙarfi. To, akwai wata ƙa'ida da Daniel Bernoulli ya bayyana a shekarar 1738, cewa duk inda ruwa ya ƙara gudu, matsinsa raguwa ya ke yi. A daidai bakin fiffike, inda ruwa ke kewaye ƙarfe a guje, nan ne matsi ya fi faɗuwa a duk cikin famfon. In ya faɗi ƙasa da iyakar tafasa, sai ruwan ya tafasa a wannan ɗan wuri, ƙananan ƙwayoyin tururi su fito da yawa. Ita ce kumfar da mu ke magana, kuma ta tururi ce, ta bambanta da iskar da ke shiga famfo in tiyo ya huje.

Fitowar kumfa ba ita ce babbar ɓarna ba, mutuwarta ita ce. Ruwa yana ɗaukar ƙwayoyin nan ya kai su gaba kaɗan, inda matsi ya ƙaru, nan take tururin ya koma ruwa, ruwan da ke kewaye kuma ya ruguzo cikin gurbin da ya bari. In ƙwayar tana jikin ƙarfe, ba ta rufewa daidai ta kowane gefe. Wani siririn tsinken ruwa ke ratsa ta, ya soki ƙarfen da gudun da kan kai mita ɗari a sakan ɗaya. Sara ɗaya ba kome ba ne, amma dubbai ne a kowane sakan, kuma yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya. Wanda ya taɓa kwance irin wannan famfo zai ga farfelar ta yi rami-rami kamar gara ta ci ta.

Kafin a kai ga haka akwai alamu. Famfon zai riƙa ƙara kamar an zuba masa tsakuwa, zai riƙa jijjiga har boris ya lalace, sa'an nan ruwan da ya ke turawa ya ragu, domin kumfa ta tare hanyar da ke tsakanin fuka-fukai. In ta yi yawa sai ruwan ya ɗauke gaba ɗaya, injin yana ta shan mai a banza.

Tarihin gano cutar

A jikin jiragen ruwa aka fara lura da ita sosai. Wajen shekarar 1894 aka gwada wani jirgin yaƙi na Ingila mai suna Daring, ana sa ran zai yi gudun mil 27 na teku a awa, sai ya tsaya a 24. Da maginansa suka bincika, suka tarar farfelarsa tana yage ruwa ta bar kogon tururi a bayanta. Suka sāke ta da mai faɗin fuka-fukai, jirgin ya yi gudun da a ke nema. Charles Parsons ya gamu da irin wannan matsala a jirginsa Turbinia, har ya gina wani ɗan akwatin ruwa a shekarar 1895 don ya ga kumfar da idonsa. Daga bisani ya raba aikin a kan farfela tara maimakon ɗaya, jirgin kuma ya wuce mil 34 a awa a shekarar 1897. A shekarar 1917 Lord Rayleigh ya yi lissafin irin matsin da ke aukuwa sa'ad da ƙwayar kumfa ta rufta. Darasin da aka samu tun daga wancan zamani shi ne, in aka ɗora wa ɗan ƙaramin fiffike aikin da ya fi ƙarfinsa, ruwa zai tafasa a bayansa. Maganin kuwa shi ne a shimfiɗa aikin a kan fili mai yawa.

Mene ne ja-gaba?

Kowane famfo yana bukatar ruwa ya iso bakinsa da matsin da ya ɗara iyakar tafasa. Wannan ɗoriya za mu kira ta rarar matsi. Gwargwadon saurin juyawar farfela, gwargwadon rarar da ta ke bukata. Mai famfo a ƙasa yana da dabaru: ya sauko da famfon kusa da ruwa, ko ya ɗaga tanki sama, ko ya rage saurin injin. Mai ƙera roka kuwa duk an toshe masa waɗannan hanyoyi. Man rokarsa sau da yawa iska ce da aka sanyaya har ta zama ruwa: oksijin mai tafasa a digiri 183 ƙasa da sifiri, da haidurojin mai tafasa a 253 ƙasa da sifiri. Dukansu suna zaune ne a bakin tafasa. Ba zai iya cika tanki da matsi mai yawa ba, domin sai ya kaurara bangon tankin, rokar ta yi nauyi. Ba zai kuma rage saurin famfo ba, domin famfo mai tafiyar hawainiya ƙato ne. Alal misali, famfon haidurojin na babban injin kumbon Amurka mai zuwa ya dawo, wanda ya yi aiki daga 1981 zuwa 2011, yana juyawa kimanin sau 35,000 a minti ɗaya.

Daga wannan matsuwa ja-gaba ya sami daraja. Shi ɗan farfela ne mai siffar murɗaɗɗen haƙorin noti, a ke ɗaura shi a gaban babbar farfela a kan sanda ɗaya, suna juyawa tare. Ba ya majaujawa ruwa gefe, tura shi ya ke yi gaba a hankali, yana ƙara masa ɗan matsi, iyakar abin da zai ishi babbar farfela ta karɓe shi ba tare da ya tafasa ba. Muhimmin abin da mu ke so a riƙe shi ne, ja-gaba bai kuɓuta daga kumfa ba. An ƙera shi ne ya yi aiki da kumfa a jikinsa. Fuka-fukansa kaɗan ne, hanyar da ke tsakaninsu doguwa ce, saboda haka kumfa tana fitowa a baki, ta sami wurin mutuwa a cikin hanyar, ruwa kuma ya fita ta baya ba kumfa. A famfunan masana'antu, ɗaura ja-gaba kan rage rarar matsin da famfo ke bukata da kusan rabi.

Abubuwan da mai zanen ja-gaba ke aunawa

Na farko shi ne yawan fuka-fukai da tsawonsu. Yawanci biyu ne zuwa huɗu. In suka yi yawa, su da kansu za su cushe baki, ruwa ya ƙara gudu, matsi ya ƙara faɗuwa. In kuwa suka gajarce, kumfa za ta ratsa su ta kai ga farfela. Don haka a kan yi su dogaye, kowane yana lulluɓe wani sashe na ɗan'uwansa. Sau da yawa kuma a kan sa murɗin ya fara a kwance ya riƙa miƙewa sannu a hankali, gindin sanda kuma yana ƙara kauri zuwa baya, yadda bakin da kumfa ta ke ba zai ɗauki aiki mai yawa ba, sai bayan ta mutu a ɗora wa ruwan matsi.

Na biyu shi ne karkatar fiffike. A can ƙarshensa, fiffiken ja-gaba kusan a kwance ya ke, karkatarsa wajen digiri goma ce, ruwan kuma yana zuwa masa da bambancin 'yan digiri kaɗan. Wannan lissafi yana daidai ne ga wani adadin ruwa guda. In ruwan da ke wucewa ya gaza wannan adadi, wani sashe nasa zai riƙa komawa baya ta jikin bango, yana yin guguwa, kumfa tana fitowa a tsakiyar guguwar. In kuma ya zarce adadin da yawa, ja-gaba ya daina taimako, ya zama abin tare hanya. Wannan shi ne babban raunin ja-gaba, filin aikinsa ƙunci ne da shi.

Na uku shi ne kaifin baki. Gwargwadon sirantar bakin fiffike, gwargwadon yadda zai yanka ruwa ba tare da ya tayar da kumfa ba. To, amma abin da ya yi siriri saurin karyewa gare shi. Dabarar da aka samu ita ce a zame bakin zuwa baya kamar lauje, yadda gindin zai fara shiga ruwa kafin ƙarshen. Wannan yana rage nauyin da ke kan siririn ƙarshen, yana kuma ƙara wa ja-gaba juriyar kumfa.

Na huɗu shi ne ratar da ke tsakanin ƙarshen fiffike da bangon gidan famfo. Ta wannan 'yar kafa ruwa ke sulalewa daga gefen da matsi ya ke da yawa zuwa gefen da ya ke kaɗan, yana murɗewa, kuma a nan kumfa ta kan fara bayyana. Ƙaramar rata ta fi kyau, amma in ta ƙanƙance ƙwarai ƙarfe zai goga ƙarfe, a famfon oksijin kuwa wannan gobara ke nan. Har wa yau shi kansa bangon a kan yi masa gyara, a ɗan faɗaɗa shi a gaban ja-gaba, ko a yi masa kwarin layuka, domin a karya ƙarfin ruwan da ke komawa baya.

Za mu lura cewa a kowane ɗaya daga cikin huɗun nan, gyaran wani gefe ɓata wani gefe ne. Aikin mai zane shi ne ya sami tsaka-tsaki. A yau ana yin wannan lissafi da kwamfuta, amma har yanzu sai an gwada ja-gaban a cikin bututu mai bango garai-garai, ana ɗaukar hotonsa da kyamara mai tsananin sauri, domin halin kumfa yana da wuyar lissafi.

Abin da ya sami rokar Japan

Ranar 15 ga Nuwamba, 1999, hukumar sararin samaniya ta Japan ta wancan lokaci, NASDA, ta harba rokarta H-II daga tsibirin Tanegashima. Tana ɗauke da tauraron ɗan'adam mai suna MTSAT, na duba yanayi da taimaka wa zirga-zirgar jiragen sama. Bayan kimanin minti huɗu, babban injinta mai suna LE-7 ya mutu farat ɗaya. Rokar ta kauce hanya, aka aika mata umarni daga ƙasa ta tarwatse, tauraron kuma ya salwanta.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mutanen Japan suka shiga neman injin a ƙasan tekun Fasifik, suka gano shi a zurfin kimanin mita 3,000, suka tsamo shi a watan Janairu na shekarar 2000. Da aka buɗe famfon haidurojin, sai aka tarar fiffiken ja-gabansa ya karye. Binciken wurin karayar ya nuna gajiyar ƙarfe ce, irin wadda ke samun waya in aka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Famfon yana juyawa fiye da sau 40,000 a minti, watau wajen sau 700 a sakan, saboda haka duk wata jijjiga tana maimaituwa ba adadi cikin ɗan lokaci. Tsagar kuwa ta faro ne daga ɗan ƙarzon da injin sassaƙa ya bari a jikin ƙarfen.

Ina jijjigar ta fito? A cikin tafiya an rage matsin tankin haidurojin kamar yadda aka tsara, rarar matsi ta ragu a bakin famfo, kumfa ta ƙaru. Akwai kuma wani hali da kumfa ke yi a ja-gaba, wanda masani Kenjiro Kamijo na Japan ya ba da labarinsa tun shekarar 1977. Maimakon ta rabu daidai a kan fuka-fukai, sai ta yi yawa a kan ɗaya, ta yi kaɗan a kan wani, wannan rashin daidaito kuma ya riƙa tsallakawa daga fiffike zuwa fiffike, yana kewayawa da saurin da ya ɗan ɗara na ja-gaban kansa. Kowane fiffike sai ya zama ana danna shi ana saki. A lokacin ƙera injin LE-7 an gamu da wannan kumfa mai kewaye a famfon oksijin, aka kuma magance ta da ɗan faɗaɗa bango a gaban ja-gaba. Sai ga shi kumfa ta ɓullo ta famfon haidurojin ta yi ɓarnarta. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Daga wannan hatsari ba a sāke harba H-II ba. A injin da ya gaje shi, LE-7A, an sāke zanen ja-gaba. Sabuwar rokar, H-IIA, ta tashi sau 50 tsakanin 2001 da 2025, sau ɗaya kacal ta kasa, a shekarar 2003, shi ma saboda wani dalili ne dabam.

Kammalawa

Ja-gaba bai tsaya ga roka ba. Ana samun sa a famfunan man jiragen sama, da na iskar gas da aka mai da ruwa, da wasu famfunan ruwan zafi a tashoshin wutar lantarki da masana'antu. Duk wanda a cikinmu zai zauna a ofis yana zaɓen famfo wa hukumar ruwa ko wata masana'anta, ya sani cewa adadin rarar matsin da kamfani ke bugawa a takardar famfo shi ne inda ƙarfin famfon ya riga ya faɗi da kashi 3 cikin ɗari saboda kumfa. Ita kumfar ta fara tun kafin nan. Tilas ne a bar sarari a bisa wannan adadi, a kuma sa zafin ruwa da tudun gari a lissafi, domin a Jos iska ba ta riƙe ruwan da ya wuce wajen mita tara. In kuma za a sayi famfo mai ja-gaba, a tabbata adadin ruwan da za a riƙa turawa ya dace da wanda aka zana shi dominsa.

Ƙananan injinan ban ruwa na fadama ba su da ja-gaba, ba su kuma bukatarsa. Sa'ad da rani ya tsananta, ruwa ya ja baya, injin ya fara ƙarar tsakuwa, maganin yana hannun manomi: ya haƙa ɗan rami ya sauko da injin kusa da ruwa, ya gajarta tiyon zuƙa, ya tabbata bai lanƙwashe ba kuma bai fi bakin injin ƙanƙanta ba, ya wanke rariyar da ke ƙarshensa. Manomin da ya san haka ya tsira da kuɗin farfela, ya tsira da tumatirinsa. Isar da wannan bayani ga iyayenmu manoma cikin harshen da su ke ji aikinmu ne, mu da aka turo karatu.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata, domin mu bar lokacin tambayoyi.